Ƙaƙƙarfan Gida Ma Yana Ciwo: Labarin Lou Gehrig, Dokin Ƙarfe

'Yar'uwa, a kusan kowane gida akwai ɗan da uwa ba ta kwana da tunanin lafiyarsa. Shi ke sungumar buhun masara shi kaɗai, shi ke fita gona da asuba ya dawo ya zarce filin ƙwallo, shi ake ƙwala wa kira idan babur ya kafe a laka. Zazzaɓi ya zagaya gida ya kwantar da kowa, shi yana nan a tsaye. Hankalinki yana kan auta mai yawan tari da jaririyar da ba ta gama rigakafi ba, kuma kin yi daidai. Sai dai ƙaƙƙarfan nan ma jini da tsoka ne, kuma ranar da jikinsa ya fara ciwo, ya fi kowa iya ɓoyewa.

Labarin yau daga Amurka ya fito, na wani ɗan wasan da ya shahara a wasan da ba mu saba da shi ba a nan Karofi ko Dutsin-Ma. Kada nisan ya sa ki wuce. Sunansa Lou Gehrig, kuma har gobe akwai cutar da ake kira da sunansa. A cikin labarin akwai uwa mai wankau, akwai suruka mai lura, akwai kuma namijin da ya shekara 14 bai taɓa cewa yau ba zai iya fita aiki ba.

Yadda wasan yake

Besbol wasa ne na ƙwallo da sanda. Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum tara. Ɗaya ta bazu a fili tana tsaro, ɗayar tana turo mutanenta ɗaya bayan ɗaya su yi bugu. Mai jifa ya wurgo ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemon zaƙi, mai bugu ya maka mata sanda ya zura da gudu. Akwai tashoshi huɗu da aka jera kamar kusurwoyin ɗaki. Wanda ya zagaye su ya dawo inda ya tashi, ya ci maki ɗaya.

Bugun da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ƙwallo za ta haye katangar filin gaba ɗaya. Bari mu kira shi bugun tsallake. Da an yi shi babu sauran mai tare ka, sai ka zagaya tashoshinka a natse. Idan kuma akwai abokan wasanka uku a kan tashoshi suna jira, maki huɗu ke nan a bugu guda.

Gehrig mai tsaron tashar farko ne. Kusan duk ƙwallon da aka tsinta a ƙasa shi ake jefo wa, ya cafke ta ƙafarsa na kan tasha kafin mai gudu ya iso. A al'adar wasan, ƙarti masu ƙarfin damtse ake ajiyewa a wannan wuri, domin abin da ake nema gare su shi ne bugu mai nisa. Wasan ya taɓa zuwa ƙasarmu, don an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003.

Ɗan mai wankau

An haifi Gehrig ranar 19 ga Yuni, 1903, a birnin New York. Iyayensa, Heinrich da Christina, baƙi ne da suka yi ƙaura daga Jamus. 'Ya'ya huɗu Christina ta haifa, uku suka rasu tun suna ƙanana, kuma ƙyanda na cikin cututtukan da aka ambata a gidan. Lou kaɗai ya rayu. Duk uwar da ta taɓa binne ɗa ta san irin riƙon da ake yi wa wanda ya rage.

Mahaifin ma'aikacin ƙarfe ne, amma sau da yawa ba ya da aiki ga rashin lafiya. Nauyin gida sai ya koma kan Christina. Ta yi aikatau, ta yi wankau, ta yi girki a gidan kwanan wasu ɗaliban Jami'ar Columbia. Lou yana taya ta ninke kaya da kai wa masu su. Burinta ɗaya ne: ɗanta ya yi karatu ya zama injiniya, kada ya gaji wahalar da suka sha.

A watan Yuni na 1920, yana ɗan shekara 17, makarantarsu ta je gasa a Chicago. Nan ya yi bugun da ya fitar da ƙwallo daga filin manya baki ɗaya, jaridu suka ɗauki sunansa. Daga baya ya shiga Columbia, jami'ar da uwarsa ta yi wa ɗalibanta girki. A 1923 wani mai farautar 'yan wasa, Paul Krichell, ya gan shi yana bugu, ƙungiyar New York Yankees ta ba shi kwantiragi da kuɗin sa hannu dala 1,500. Gidan na cikin matsi, sai ya ajiye karatu ya karɓa.

Wasa 2,130 babu fashi

Ranar 1 ga Yuni, 1925, aka sako shi cikin wasa. Washegari aka ba shi tashar farko a madadin wani mai suna Wally Pipp. Daga nan bai ƙara fashin wasa ko ɗaya ba sai a 1939. A wancan zamani ƙungiya kan buga wasa 154 a shekara, daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, ga doguwar tafiya a jirgin ƙasa tsakanin birane. Da aka lissafa, wasa 2,130 ya buga a jere. Shi ya sa aka laƙaba masa Dokin Ƙarfe, sunan da Amurkawa ke yi wa kan jirgin ƙasa kirari da shi. Sai bayan shekara 56, a 1995, aka samu wanda ya zarce wannan adadi, wato Cal Ripken Jr.

Bugunsa kuwa ba a magana. Ya yi bugun tsallake 493 a rayuwar wasansa, 23 daga ciki masu maki huɗu ne. A cikin kowane zuwa bugu 100 yana dacewa da 34, alhali wanda ya samu 30 ma gwani ake kiransa. Ranar 3 ga Yuni, 1932, ya yi bugun tsallake huɗu a wasa ɗaya. Sau biyu aka zaɓe shi gwarzon rukuninsu, a 1927 da 1936, kuma ya ci kofin zakarun ƙasar sau shida tare da Yankees. Ya daɗe yana wasa a inuwar Babe Ruth, ɗan wasan da ya fi kowa suna a lokacin. Ruth mai surutu ne da son a gan shi, Gehrig kuwa shiru-shiru ne, daga fili sai gida wurin uwarsa.

Amma kada ki ɗauka lafiya lau ya yi shekarun nan. Ya yi wasa da ciwon baya mai tsanani, ya yi da zazzaɓi. Da aka ɗauki hoton hannuwansa daga baya, an ga alamun karaya da dama a yatsunsa, duk sun haɗe yana cikin wasa. A 1934 ƙwallo ta same shi a ka har ya suma, washegari sai ga shi a fili.

A nan ma'aikaciyar jinya dole ta tsaya ta yi magana. Jama'a sun tafa masa, amma wannan ba abin koyi ba ne. Idan ɗanki ya bugu a ka a wurin ƙwallo, ko dambe, ko faɗuwa daga babur, har ya suma ko da na ɗan lokaci ne, wasan ranar ya ƙare, kuma sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Idan kika ga amai, ko barcin da ake shan wahalar tashinsa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jijjiga, ko ruɗewar magana, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci, kada a jira gari ya waye.

Uwa da suruka

Gehrig bai bar gidan iyayensa ba sai da ya kai shekara 30. A watan Satumba na 1933 ya auri Eleanor Twitchell, 'yar Chicago. Tsakanin Christina da amaryar ba a taɓa jituwa sosai ba. Uwa na ganin an raba ta da tilon ɗanta, matar na ganin an hana mijinta tsayawa da ƙafarsa. Wannan ba baƙon labari ba ne a gidajenmu.

Na kawo zancen ne saboda abin da ya biyo baya. Lokacin da ciwo ya fara, Eleanor na cikin waɗanda suka fara lura, don ita ke ganinsa a cikin ɗaki yana tuntuɓe inda babu abin tuntuɓe, yana sakin abu daga hannu. Ita ce kuma ta tuntuɓi asibiti. Hajiya, idan surukarki ta zo ta ce miki ta ga canji a jikin ɗanki, ki saurare ta ko da kuna da 'yar tsama. Tana ganin abin da shi ba zai taɓa nuna miki ba, don yana jin nauyinki kuma ba ya son tayar miki da hankali.

Ranar da jiki ya fara magana

A tsakiyar kakar 1938 Gehrig ya fara kukan gajiyar da bai san dalilinta ba. Ya gama shekarar da bugun tsallake 29. Ga wani wannan abin alfahari ne, ga shi kuwa koma baya ne. Mutane suka ce shekaru ne. Da aka shiga atisaye a farkon 1939, abin ya fito fili. Gudu ya gagara, sandar ta yi masa nauyi, har faɗuwa ya yi. A wasa takwas na farkon kakar ya je bugu sau 28, sau 4 kawai ya dace.

Ranar 2 ga Mayu, 1939, a birnin Detroit, ya je ya samu mai horar da su, Joe McCarthy, ya ce a cire shi daga wasan ranar don amfanin ƙungiya. Babu wanda ya kore shi, shi ya cire kansa. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ganina, a duk shekarun nan 14, wannan ranar ce ya fi nuna jarumta.

A watan Yuni ya je asibitin Mayo da ke jihar Minnesota. Bayan kwanaki ana gwaje-gwaje, ranar 19 ga wata, ranar da ya cika shekara 36, likitoci suka tabbatar yana da cutar da ake kira ALS.

Ranar 4 ga Yuli aka shirya masa taron ban kwana a filin Yankees, mutum sama da 60,000 suka hallara. Da aka miƙa masa abin magana, bai tsaya kan ciwonsa ba. Cewa ya yi yana ɗaukar kansa wanda ya fi kowa sa'a a doron ƙasa, sannan ya shiga lissafa ni'imomi: abokan wasa, masu share fili, iyayen da suka ƙare rayuwarsu suna aiki don ya yi karatu, uwar matarsa, da matarsa da ta tsaya masa. Ƙungiyar ta jingine lambar rigarsa, lamba 4, ba a ƙara ba wa kowa ita ba. Shi ne na farko da aka yi wa haka a babbar gasar wasan.

Mece ce ALS?

Ki ɗauki jiki kamar gida mai wutar lantarki. Ƙwaƙwalwa da lakar baya su ne tushen wuta, tsokoki su ne fanka da ƙwai, jijiyoyin motsi su ne wayoyin da ke kai wutar. A cutar ALS waɗannan jijiyoyin ne ke mutuwa sannu a hankali. Tsokar da saƙo ya daina isa gare ta sai ta yi rauni, ta motse.

Takan fara da ƙaramin abu: hannu ɗaya ya kasa sa maɓalli ko murɗa makulli, ƙafa ɗaya ta riƙa jan ƙasa, tsoka ta riƙa rawa a ƙarƙashin fata, ko harshe ya yi nauyi. Daga nan ta bazu zuwa sauran jiki, har ta kai ga haɗiya da numfashi. Yawanci mai ita yana gani, yana ji, yana jin taɓi, kuma da yawansu hankalinsu na nan daram. Ba a ɗaukarta daga wani. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ita babu wanda ya taɓa yi a danginsu, sauran ne ke gado.

Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana ta tun a ƙarni na 19, amma har yau ba a samu maganin warkewa ba. Akwai magani mai suna riluzole, da aka amince da shi a 1995, wanda ke ɗan rage mata sauri. Yawancin masu ita kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan an gano, ko da yake masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano tasa a 1963 ya rayu har 2018. Idan kin tuna bidiyoyin 2014 da mutane ke juye wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara a Facebook, kuɗin binciken wannan cuta ake tarawa.

Abin da ya fi kusa da gidanki

Kada ki tsorata. ALS ba ta da yawa ko kaɗan. Mafi yawan raunin hannu ko ƙafa da muke gani a asibiti daga wasu abubuwa ne, kuma da yawansu suna da magani idan an zo da wuri: ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi, ƙarancin sinadarin B12, ƙashin wuya ko na baya da ya danne jijiya, tarin fuka da ya kama ƙashin baya, ko kuturta a farkonta. Matsalarmu ita ce lokacin zuwa. Layin asibiti mata da yara ne suka cika shi. Magidanci ko saurayi sau da yawa sai an ɗauko shi ranga-ranga, bayan an shafe watanni ana cewa sanyi ne, ko gajiyar noma, ko jifa aka yi masa.

Ga abu uku da za ki riƙe.

Na ɗaya, raunin da ya zo farat ɗaya. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. Wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma kowace sa'a tana da tsada. A nemi mota nan take, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, don yana iya shaƙewa.

Na biyu, yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki ya yi laƙwas. A sanar da asibiti mafi kusa a ranar. Tun watan Agusta na 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji, amma har yanzu ana bin sawun kowane yaro mai irin wannan alama, kuma rigakafi bai ƙare ba.

Na uku, raunin da ke ƙaruwa a hankali cikin makonni ko watanni, irin na Gehrig. A fara da asibitin da ke kusa, a je Babban Asibitin Dutsin-Ma, kuma idan abin bai bayyana ba a nemi takardar turawa wurin likitan jijiyoyi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Wayar da ke hannunki ma tana da aiki a nan. Ki ɗauki bidiyon tafiyarsa, ko rawar tsokar, ko yadda yake riƙe kofi, da izininsa. Ki rubuta ranar da kika fara lura da kuma gaɓar da ta fara. A tafi da duk maganin da yake sha, har na gargajiya, kada a ɓoye. Na san kuɗin mota ya yi tsada, hanyar ma ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba. Amma ki lissafa abin da ake kashewa ana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, sau da yawa ya ninka kuɗin zuwa Katsina. A yi addu'a, a kuma nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Idan jinya ta yi tsawo

Ko ALS ce ko shanyewar jiki, kulawar gida kusan iri ɗaya ce. A riƙa juya marar lafiya duk bayan sa'a biyu don kada fata ta yi gyambo, a tabbatar shimfiɗa a bushe take. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a bar shi a zaune kamar rabin sa'a bayan ya gama. Ga mai wahalar haɗiya, abu mai kauri da laushi irin kunu ko fate ya fi sauƙi, tsinkakken ruwa ne ke yawan ƙware shi. A riƙa motsa masa gaɓoɓi a hankali kullum yadda ma'aikacin gashin ƙashi ya nuna. A raba aikin jinya tsakanin dangi, kada a bar wa mace ɗaya har ita ma ta kwanta.

Sannan kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Bayan Gehrig ya bar wasa, magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya naɗa shi cikin hukumar da ke duba batun sakin fursunoni, ya kama aiki a farkon 1940. Yana zuwa ofis yana sauraron matasan da suka yi laifi, har lokacin da hannunsa ya kasa riƙe alƙalami sai Eleanor ke kama masa. Mutumin da jikinsa ya gaza yana buƙatar a ci gaba da neman shawararsa a kan gona, da auren 'ya'ya, da kuɗin cefane.

Gehrig ya rasu ranar 2 ga Yuni, 1941, yana da shekara 37, shekara 16 cif daga ranar da ya karɓi tashar farko. Ba su haihu ba. Eleanor ba ta ƙara aure ba, ta ci gaba da tallafa wa binciken cutar har ta rasu a 1984. Christina kuwa ta ga rasuwar 'ya'yanta huɗu duka. Tun daga 2021, kowace ranar 2 ga Yuni ake tunawa da shi a filayen babbar gasar.

Idan kina da yaron da burinsa Katsina United ko Kano Pillars ko ma Turai, ki sa masa albarka, ki kuma tsaya kan karatunsa ko sana'arsa kamar yadda Christina ta so yi. Wasan mutumin da ake kira Dokin Ƙarfe ya ƙare yana da shekara 35. Ki kuma koya masa tun yana ƙarami cewa faɗin "ba ni da lafiya" ba ragwanci ba ne. Yaron da aka saba ce wa namiji ba ya kuka, shi ne magidancin da zai ɓoye ciwo wata shida.

Yau da dare idan an zauna cin tuwo, ki ɗan kalli hannun maigida da na babban ɗanki, ki kalli tafiyarsu idan sun miƙe. Idan kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki tambaya, ki sake tambaya. Wace dabara kike bi ki shawo kan namijin gidanki ya je asibiti? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri.